A Dakata da Sare Maɗacin Malam Yamusa

Bwari,
Laraba, 12 ga Afrilu, 2006.

Zuwa ga Malam Yamusa, Masaka.

Assalamu alaikum. Daga ofishin Babban Darakta mai kula da duk abin da ke tashi sama a Abuja, ban da jirgi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka mai sanar da zuwan hadari.

Labari ya iske mu cewa ranar Lahadi za ka sa a sare maɗacin ƙofar gidanka ka yi shaguna, tunda yanzu kowa a Masaka gini yake. Gwamnati ta ce a dakata.

Ɗaga kai ka dubi reshe na biyu. Akwai kogon da aka liƙe da laka, sai 'yar tsaga. Kai ka ɗauka aikin gara ne. To, cilakowa ce a ciki. Da kanta ta toshe ƙofa ta kwanta kan ƙwai, mijin na miƙa mata fara ta tsagar. Gashin fikafikanta ya zube, in itacen ya faɗi ba ta iya tashi.

Jikanka Ɗangoggo ne ya gano haka, wanda kake kira Sarkin Danƙo. Yana aikin ban ruwan furanni a bakin dam ɗin nan Bwari ya haɗu da Madam Rekiya, wata ma'aikaciyar gwamnati mai zuwa kallon tsuntsaye. Ta ara masa madubin hangen nesa, ya ga ƙwayar idon zalɓe kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Daga ranar bai sake harbi ba. Ita tana da littafi mai hotuna, shi yana da kunne. Kafin a ga tsuntsu ya faɗi sunansa daga kuka. Yanzu duk Asabar masu digiri ke binsa cikin ciyawa, in ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit. Yaron da allo kaɗai ya taɓa riƙewa! Har Oga suke ce masa.

Asabar ɗin nan zai kawo maka mutum goma sha ɗaya su kalli cilakowar. A share ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a hana ka tari.

A gaishe min da matata Ummukulthum, a ce mata ta kusa hutawa da tsoho.

Kash, na tona kaina! Kaka, ni ne. Babu Darakta, babu gwamnati, amma cilakowar gaskiya ce, baƙin ma haka. Ina yaro, in na kaɗo tsuntsu a itacen nan kai ke zane ni, kana cewa su ma al'umma ne kamarmu. Karatunka na maido maka. Ka ba ta wata biyu. Ranar da 'ya'yan suka leƙo, zan ɗora maka madubin a ido. In bayan nan hannunka ya iya ɗaukar gatari, ni zan wasa maka shi.

Jikanka kuma abokin takararka,
Oga Ɗangoggo