Faifai Biyu a Bakin Tukunya

Zamami, 9 ga Yuli

Zuwa ga maigidana Morihide,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ƙafar tana ɗinkewa. Ya zaman asibiti? 'Yarka Nagisa ta ce har ka fara yi wa masu jinya tsiya a kan abinci, to na san sauƙi ya samu. Mu nan kowa lau, Baba mahaifinka yana gaishe ka.

Kafin wani ya kai maka labari da ƙari, gara ka ji daga gare ni. Shekaranjiya na loda tukwanen iska takwas a bayan mota zan kai wa baƙinmu masu nutso a teku bakin jirgin ruwa, sai aka kira waya a shago, na bar su cikin rana kusan minti arba'in. Wannan laifina ne. Ina fitowa na ji ƙara kamar taya ta fashe a kunnena. Ɗan faifan tagullar nan na cikin bakin tukunya, wanda aka yi don ya fashe ya saki iska kafin tukunyar kanta ta tarwatse, shi ne ya tafi. Tukunyar ta yi ta juyi tana huci, ta fasa gilashin baya, ta faɗo ta karya wa maƙwabciyarmu Inna Kamado rumfar da take shuka goya, kayan lambun nan mai ɗaci. Ba wanda ya ji ciwo. Inna dai ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Chizuru, yaƙi aka koma ba a gaya mini ba?"

Na kwance bakin na duba, gishiri ya cinye faifan, ya yi kore shar. Baba ya leƙo ya ce, "Kayan yanzu ke nan, kamar takarda. Mu a zamaninmu faifai biyu muke haɗawa, ko a wuta ka jefa ba ta motsi." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Gobe zan kwance bakin duka tukwanenmu arba'in.

Kada ka sa damuwa, na iya aikina.

Matarka,
Chizuru

Zamami, 15 ga Yuli

Maigida,

Ina gaishe ka da jiki. Wasiƙarka ta zo, na ga inda ka ce in bar tukwanen har ka dawo. Ka yi haƙuri, ta same ni da sifana a hannu, na riga na gama.

Cikin arba'in, goma sha ɗaya faifai biyu ne a bakinsu, an ɗora ɗaya kan ɗaya. Ka fi ni sanin ma'anar haka: in iska ta yi yawa ba ta da hanyar fita sai ta jikin ƙarfen. Biyu daga cikinsu suna bayan motar nan ranar, gefe da gefe da wadda ta yi huci. Da na gane haka sai na rufe shago kwana huɗu. Baƙinmu na tura su shagon su Yonamine, sababbin faya-fayai kuma na sa an aiko daga birnin Naha.

Baba ya yi faɗa har awarar da ke gabansa ta huce. "Ke 'yar birnin Kobe, me kika sani a teku? Ana tsaka da kasuwa ki rufe ƙofa?" Na ce, "Baba, shekara goma sha tara ina ɗura iska a ɗakin nan. Fuskata ce a kan tukunya, ba ta kowa ba." Na jera masa faya-fayan a kan tebur, na ce ina son sanin hannun da ya yi wannan. Ya jawo su gabansa ya duba. Can ya ce, "Ni ne. Sai ki kai ni ƙara." Inna Kamado tana tsakar gida tana ɗaure rumfarta, ta ji komai.

Mun buɗe jiya. Kowace tukunya na ɗura ta daidai awonta, ban ƙara ko kaɗan ba, kuma yanzu da rigar leda nake lulluɓe su a mota.

Taka,
Chizuru

Zamami, 23 ga Yuli

Baban Nagisa,

Ina fatan kana lafiya, kuma sandar da suka ba ka ta fara bin hannunka. Na yi kewarka, har minsharin.

Maganar nan a hankali zan faɗe ta, ba da fushi ba. Tukwanen goma sha ɗayan duk cikin waɗanda muka saya shekara biyu da suka wuce ne. Baba kuwa shekara huɗu ke nan hannunsa na rawa, ko kwalbar giyar shinkafarsa ni nake buɗe masa. Bakin tukunya sai da na danna da gwiwa kafin ya kwance. Mu uku ne muke shiga ɗakin nan, Morihide.

Na san dalilinka. Ka gaji da faifai na fashe maka a rana, kana kuma son baƙi su ɗan ƙara jimawa a ƙarƙashin ruwa su yaba, shi ya sa kake ɗura iska fiye da awo. Ba mugunta ba ce, kuma na yafe abin da ya shafe ni. Daga yau ɗura iska tawa ce, jirgi naka, a haka za mu tsufa lafiya.

Abin da ban yafe ba na Baba ne. Labari ya zaga gari cewa tsoho ya kusa hallaka mutane. Kwana takwas bai je tashar jiragen ruwa wurin abokansa masunta ba, shi da ko guguwa ba ta hana shi. Jiya na kai masa shayi na ce, "Baba, na san ba kai ba ne." Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaron yana kwance, ki bar shi ya warke." Yaro, mutum mai shekara hamsin da ɗaya!

Ni ba zan gaya wa kowa ba, ba nawa ba ne in faɗa. Na san mijin da na aura. Ga farar takarda nan da ambulan a ciki, na rubuta sunan Yonamine a kai tunda shi ne shugaban masu jirage, in ka rubuta masa gaskiya duk gari zai ji, kan sarki ma na manna. Jirgin ranar Juma'a yana ɗaukar wasiƙu.

Ka gaida Nagisa, ka ci abin da aka ba ka.

Matarka har kullum,
Chizuru