Furen Teku a Daron Wankina

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Sa'alaba lafiya, ban da hannuna.

Maigidana ne ya dawo daga kamun kifi da wani abu kamar fure, ya sa a daron wankina da ruwan teku. Ashe dabba ce, bakinta a tsakiya, da yatsunta take kama kifi. Ina taɓawa ta harbe ni, kwana uku ban toya wainar sayarwa ba.

Na ce, "Halas, Malam, mayar da ita." Ya mayar, amma kullum sai ya je dubo ta, har da kai mata kifin miyarmu.

Ki roƙa mini haƙuri wurin Allah. Gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi