Injin ciyawa ya ja jirgi

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya iyali, ya jikin Inna, ya zafin Agadas? Mu nan Tasawa lafiya lau.

Ka tuna tsohon injin yankan ciyawar nan da ake hawa, wanda ka ce in sayar in taho wurinka? Jiya ƙaramin jirgin feshin fara ya sauka a filin da nake gadi, sai hadari ya taso. Ni da matuƙin muka tura jirgin don mu kai shi rumfa, ko motsi bai yi ba. Na zuba wa injin nan esansi, wato fetur, na ɗaura igiya, na ja jirgin da shi har cikin rumfa, matuƙin da ya yi mini dariya yana bina da gudu.

Yaya, ba na sayarwa, ba na tahowa. A sa ni cikin addu'a, a gaida Inna.

Ƙanenka Isa