Takardar da Na Ɓoye Maka Kwana Tara

Zuwa ga angona, maigidana da na goya a bayana, farin watana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, jikana mai tabarau,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda an ce kai ne mai ilimin gidan nan. Wane ma'aji ne ba kwaɗo ba mabuɗi, kullum idonka na kansa, amma shekara biyu hannunka bai buɗe shi ba? Riƙe ta a ranka, ina zuwa.

Ka yi haƙuri da rubutun. Iyakata ajin yaƙi da jahilci, ga tsufa, layukan sai hawa da gangara suke yi kamar tururuwa ta ɗauko kaya. Bakina ne ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro. Sau uku ina kiranka a satin nan, ka zo ka durƙusa, in kalli fuskarka, sai in ce miƙo mini buta.

Angona, na yi maka sata. Yau kwana tara da wani mai babur ya kawo ambulan da sunanka, lokacin kana can kana ɗan koya wa 'ya'yan maƙwabta lissafi. Na sa hannu na karɓa, na kuma buɗe. Kada ka harare ni, wace mace ce ba ta leƙa wasiƙar mijinta? Tun hantsi nake haɗa baƙi har azahar kafin na gane. Asibitin nan mai nisa da ka je ganawa da su wata huɗu da suka wuce, sun ɗauke ka aiki. Sun ce sun yi ta kiran lambarka ba ta shiga. Ina za ta shiga, wayar da ka farke cikinta za ka gyara tun watan jiya? Suna son ka ran Litinin ƙarfe takwas na safe, wanda bai zo ba a ba na bayansa. Yau Alhamis. Tafiyar kuma yini biyu ce a mota.

Da na kai wurin yini biyun nan, wallahi sai na ajiye takardar na hau tambayar kaina. Wa zai ɗaura mini abin awon jini da safe yana ɓata rai kamar babban likita? Wa zai ƙirga mini ƙwayoyi, fara ɗaya, ja biyu, ya tsaya a kaina sai na haɗiye, har ya ce in buɗe baki ya gani? Wa zan tsokana? Tun da kakanka ya rasu, a sallamarka nake gane gari ya waye. Sai na ce bari in ajiye ta kwana ɗaya tak, in ƙoshi da ganinka. Ashe ba a ƙoshi. Ɗaya ta zama uku, uku ta zama tara.

Na gaji, sanyin idona. Na gaji da ɓoyon, amma gajiyar da ta fi ci mini rai ita ce taka. Shekara biyu ina kallonka kana goge takalmi, ka rungumi jakar takardu, ka fita kamar zakara, ka dawo kamar kazar da ruwa ya daka. Ofis nawa ka shiga? Masu duba yanayi suka ce babu gurbi. Masu kafa ƙarafunan waya suka ce sai wanda ya taɓa aiki shekara biyar, kamar da aiki ake haihuwar mutum. Masu neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka ɗauke ka sati uku, ka dawo baƙi ƙirin, suka ce za su neme ka, har yau suna nema. Wancan abokin naka dogo yana bisa rufin mutane yana ɗaura farantan hasken rana. Yarinyar nan da ta kayar da ku duka a aji tana banki tana danna kwamfuta. Gajeren kuwa makaranta uku yake koyarwa, muryarsa ta dushe kamar ta tsohon kwaɗo. Duk Fiziks ɗin nan kuka karanta, kowa ya sami ƙofar da ya kutsa kai, kai kaɗai ka rage. Ranar da kawunka ya ce a gaban mutane, wai shekara huɗu ka yi kana koyon dalilin da ya sa dutse ke faɗowa ƙasa, abin da ko akuya ta sani, ka yi dariya tare da su. Ni na ga dariyar ba ta kai idonka ba. Tun ranar ka daina ba ni labarin taurari.

Ka tuna shekarar da na kwanta wata biyu, har goggonka ta fara kiran dangi? Ka zo hutu, ka cika kwano da ruwa, ka jingina fasasshen madubi a ciki, ka ajiye a bakin taga. Sai ga bakan gizo a bangon ɗakina, ja da kore da shuɗi, yana rawa a saman gadona! Na ce sihiri ka je koyo, a kira mini malamai. Ka ce a'a, dama launukan suna cikin hasken, ruwa ne ya raba su. Ban gane ba, har yau ban gane ba, amma ranar na tashi zaune na nemi abinci. Wane saurayi ne ya taɓa kai wa budurwarsa bakan gizo har ɗaki in ba kai ba?

Kai ka faɗa mini da ka dawo daga ganawar, cewa suna da na'ura mai harba wani haske da ido ba ya gani, yana ƙona ciwon daji a cikin jiki, aikinka shi ne auna ƙarfinsa kullum, kada ya gaza ya bar ciwon, kada ya zarce ya ƙona mai ciwon. Kwana tara ina tunanin wata tsohuwa kamata a kwance a can, tana jiran mai awo, ni kuwa na riƙe shi a nan yana ƙirga mini fara ɗaya, ja biyu. Kunya ta kama ni, angona.

Don Allah ka tafi. Na san ka, za ka ce wa zai kula da ni, ka tsaya kana sosa ƙeya har motar gobe ta tashi. Goggonka ta yarda za ta dawo ɗakina, na gwada ta jiya a kan abin awon, sau biyu ta ɗaura shi a juye, amma za ta koya. In ka zauna saboda ni, na rantse ba zan ƙara haɗiyar ƙwaya daga hannunka ba. In fushi za ka yi, ka yi shi a cikin mota, hanya doguwa ce, za ta ishe ka ka huce. Ka sayi waya mai shiga. Ka riƙa cin abinci. Idan wata mai farar riga ta yi maka murmushi a can, ka kawo ta in duba haƙoranta.

Ni dai ina nan inda ka bar ni, kujerata a bakin ƙofa, kunnena a kan titi. Ban taɓa canza miji ba sai da mutuwa ta raba, kai ma ba zan canza ka don yini biyu ba.

Taka har ƙasa ta rufe ido,
kakarka, amaryarka mai sanda.

Amsar kacici-kacici: babban littafinka ne na Fiziks mai baƙin bango, wanda ka tokare tagar ɗakinka da shi. Takardar tana ciki, a shafi na ɗari biyu da goma.