Ƙodar da Na Yi wa Auta Alkawari

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, tana barin ki tafiya? Mu nan muna lafiya. Ƙaninmu Auta yana nan yadda kika bar shi, a kai shi wankin ƙoda, a dawo da shi ya kwanta.

Na so in kira ki a waya, amma na san halina, zan ce miki komai lafiya in kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin san jinina ya dace da nasa, tun daga nan aka fara maganar dashen. Abin da ya rage shi ne a duba ƙodojina a hoton ciki, wanda suke ce wa sikanin. Ma'aikaciyar jinya ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce ana gobe in guji maiƙo da wake da lemon kwalba, don iskar ciki tana rufe musu hoto. In zo da safe ban karya ba, in sa riga mai sauƙin ɗagawa, in sha ruwa sosai kafin a kira ni, kuma kada in yi fitsari, don sai mafitsara ta cika suke ganin ta. Na bi duka, Yaya. Maiɗakina har tsokana ta take yi, wai ko ranar ɗaurin aurenmu ban yi shiri haka ba.

Da na je na tarar da benci cike, yawanci mata masu ciki, kowa da gorar ruwa a hannu, kowa ya matse ƙafa. Wani dattijo kusa da ni ya kasa riƙewa, ya je banɗaki ya dawo, aka ce ya sake sha daga farko. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin inda fitsari ya yi daraja kamar nan ba. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ɗakin hoton ba haske sosai. Na kwanta a gado mai shimfiɗar leda, mai ɗaukar hoton ta shafa min wani abu mai sanyi da santsi, ta ɗora kan na'urar a gefen damana. Ta ce in ja numfashi in riƙe. Nan da nan ta gama. Da ta koma hagu sai ta daɗe. Ta sa na juya, ta danna ƙasan haƙarƙarina, ta gangara har mara, ta sake hawowa. Daga nan ta fita ta kira likita. Ni duk hankalina yana kan fitsarin da ya matse ni.

Likita ya duba da kansa, ya tambaye ni ko an taɓa yi min aiki. Na ce a'a. Sai ya ce, "Malam, ƙoda ɗaya gare ka. Da alama haka aka haife ka." Ya ce lafiyarta ƙalau, har ta fi ta sauran mutane girma saboda ita kaɗai take aikin, amma ba mai taɓa ta. Na ce to. Na tambaye shi ko zan iya zuwa banɗaki yanzu.

Daga asibiti shagona na kafinta na wuce. Akwai ƙofar da na bari rabi, na goge ta, na sa mata makulli, mai ita ya zo ya yaba. Ina ta jira in ji wani abu, baƙin ciki ko tsoro, ban ji ba. Na ci abinci, na yi barci. Ban faɗa wa Auta ba tukuna.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙaninki,
Dogo

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin shago. Maiɗakina tana gaishe ki.

Sun sake yi min wani hoton a babbar na'ura, magana ɗaya ce. Don haka na je na faɗa wa Auta. Na same shi a gadon wankin, jininsa yana zagawa cikin robobin nan, matarsa tana zaune a gefe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Dogo, duk tsawon nan naka, ashe cikin ba kaya." Ya yi dariya har ya yi tari. Matarsa ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa, ba ta dawo ba har na tafi.

Ya ce kada in gaya miki, don ya san za ki ce za ki ba da taki. Na ce masa ai takarda ta riga ta tafi. Ya juya fuskarsa bango.

Kin ce kina tafe ƙarshen wata a gwada ki. Yaya, ban roƙe ki ba, kuma ba ni da bakin hana ki. Kina da yara ƙanana. Na zauna na yi tunanin abin da nake so ki yi, ban samu amsa ba. Likita ya ce sai an fara da jini da awon hawan jini kafin a kai ga hoto, kuma kina da ikon fasawa ko da an gama komai. Ki zo da duk takardunki na asibiti. Zan tarbe ki a tasha.

Tun ranar Auta ya sa min ido. Ya hana ni ɗaga katako ni kaɗai, ya hana ni shan maganin ciwon jiki barkatai. Jiya da na shiga wurinsa, kafin in buɗe baki ya ce min ya jiki. Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, na ce amin. Sai da na kai bakin titi na tuna ni ne na je dubiya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Dogo