Tafiyar da Babanku Ya Ce Ya Yi

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Yayarka ta koma aiki, ƙafar kawunka kuma ta yi sauƙi har ya fara fita.

Auta, na zaɓi in rubuto ne don na san halinka a waya, da an taɓo zancen da ba ka so sai ka ce ba ka ji sosai. Zuwan da babanku ya ce ya yi wurinka ne ya hana ni sakat. Ya fita ranar Litinin, ya hana kowa raka shi filin jirgi, ranar Laraba sai ga shi yana sallama. Haba! Ni fa na yi tafiyar nan lokacin haihuwar takwarata. Jirgi biyu na hau, na wuni na kwana a sama, ban da zaman jira a tsakani. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kwanakin nan. To yaushe ya zauna, balle ya ɗauki jikarsa? Ko sabon jirgi aka ƙera masa shi kaɗai?

Ni da na dawo daga waccan tafiyar, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na yi kwanaki ina barci da rana tsaka. Shi kuwa ya shigo da takalminsa a ɗaure tsaf. Babu 'yar takardar nan da ake liƙawa a hannun akwati, rigar sanyin da na ninke masa tana nan yadda na sa ta. Na tambaye shi yarinya, ya ce tana ta rarrafe, alhali kai ka gaya mini ta fara tafiya. Kai ma da na kira, ka ce ya iso lafiya, amma duk sanda na ce ka ba shi wayar sai ka ce yana wanka. Wanka ya je yi?

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wanki. Na ga ɗigon jini a hannun rigarsa, daidai gwiwar hannu, rigar kuma tana warin asibiti. A bayan hannunsa akwai shatin filasta. Abinci sai ya tsakura ya ture, ya kuma ƙara huda bel ɗinsa a ɓoye. Na yi masa magana, ya yi dariya ya ce na cika sa ido. Tun kafin a haife ka nake zaune da mutumin nan, na san dariyarsa ta gaskiya. Wallahi tsoro nake ji, kuma raina ya ɓaci da kuka haɗa baki kuka mayar da ni baƙuwa a gidana.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan takwarata. Yayarka da kawunka suna gaishe ku. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, abin da likita ya ce nake so ka faɗa mini. Na san tsawon hanyar nan, Auta, shi ya sa nake tambaya tun yanzu: ran da zan kira ka in ce ka taho, za ka iso ka same shi?

Ni ce,
Mahaifiyarka