Sandar Kiran Dolfin

Iwik, 4 ga Nuwamba

Kawu Yarba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki? Na san na yi shekara biyu ban leƙo Nuwadibu ba, kar ka fara faɗa.

Ina cikin damuwa. Aikina yanzu fita da baƙi a jirgin filafilai su ga dolfin suna tsalle a ruwa a bakin tekun nan namu. Kullum ina dukan ruwa da sanda yadda kuke yi a da. Da farko suna zuwa, yanzu sati uku ko ɗaya bai zo ba. Mai jirgi ya ce in Juma'ar makon gobe ta wuce haka zai nemi wani. Me na ɓata?

Ɗanka,
Isselmu

Nuwadibu, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Isselmu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta same ni. Jiki ya yi nauyi, shayi ma ni kaɗai nake sha, kofi ɗaya ya ishe ni.

Kai sakarai, ba a kiransu don kallo. Mu sai mun hango garken kifin azol ya duhunta ruwa muke duka. Su koro mana kifi cikin taru, su ci nasu, mu ɗebi namu. Kai kuwa kullum kana gayyatarsu ba abinci, sun gane ka.

Kada ka sake duka sai an ga azol. Ganinsa kuma sai daga kan tudun yashi, sai wanda ya iya zama tun safe bai gaji ba. Ni dai zama kaɗai ya rage mini a duniya. Ban ce komai ba.

Allah ya yi maka albarka.

Kawunka,
Yarba wuld Mbarek

Iwik, 11 ga Nuwamba

Kawu,

Ai ka ce. Motar kifi za ta tsaya a ƙofarka ranar Laraba. Ka taho da bargo, da rawaninka na ɗaga mana alama.

Isselmu

Iwik, 16 ga Nuwamba

Zuwa ga maƙwabciyata Tislim,

Bayan gaisuwa. Ranar Juma'a na zauna kan tudu har la'asar ta kusa, ruwa ya yi duhu, na ɗaga rawani. Isselmu ya daki ruwa, dolfin guda bakwai suka zo. Baƙi na ta ihu, ni kuwa hawaye suka hana ni ƙirga na takwas.

Ki miƙa wa mai gidan haya makullin ɗakina. Ki aiko mini da butar shayi, da kofunan duka.

Wassalam,
Yarba